Yadda ake gyara fayil ɗin tsohon soja a shigar da raunin da ya samu a fagen daga

Abin da ya fi cinye kuɗin iyalan 'yan mazan jiya a nan Sakkwato shi ne kama hanyar Abuja tun da farko. Da an duba takardar sallamar Baba an ga ba a ambaci harbin da aka yi masa ba, sai a haɗa kuɗin mota a tura babban ɗansa Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji. Ita hukumar nan biya take yi bisa abin da rundunar da mutum ya yi wa aiki ta rubuta a kansa. Gyara yana farawa ne daga rundunar. Ga sojan ƙasa, bayanansa suna hedikwatar adana bayanan soja da ke Lakwaja a jihar Kogi. Sojan sama da na ruwa kowanne da nasa ofishin. Wanda kuma yake cikin kaki har yanzu, ta hannun kwamandansa zai bi, wannan bayanin ba nasa ba ne.

A fara daga gida. A zazzage akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, a fito da takardar sallama, da katin fansho, da duk wani katin asibiti komai tsufansa, da hotuna. A rubuta lambar soja yadda take, irin masu farawa da 63NA ko 79NA, kada a tsallake ko harafi ɗaya, domin da lamba ake nemo mutum, ba da suna ba. Muhammadu Bello nawa ne suka shiga soja daga ƙasar nan? In sunan da ke takardar sallama ya saɓa da na NIN ko na banki, a daidaita wannan tukuna da takardar rantsuwa daga kotu. Kowace takarda a yi mata kwafi uku, a ɗauke ta a waya. Ta ainihin ba ta barin hannunka ko wane ne ya nema. A nuna, a mayar jaka. Kuma ban yarda da liƙe tsohuwar takarda da roba mai zafi ba, tana cinye hatimi. Jakar leda mai zif ta wadatar, ta kuma fi araha.

Yanzu ga inda aikin yake, inda kuma na ga mutane da yawa sun sare.

Tsoho zai naɗe ƙafar wando ya nuna maka rami a cinya wanda babban yatsa zai shige, ya ce, "Ɗana, ga shi nan kana gani, mi kuma suka so in kawo?" Gaskiya ce tsantsa yake faɗi. Amma jami'in da zai sa hannu a Lakwaja ba zai ga cinyar ba, ko da ya gani ma tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi. A wurin soja, raunin da abokan gaba suka yi wa mutum a bakin daga daban yake da na motar da ta kife a hanyar zuwa hutu, daban yake da na bindigar da ta tashi a hannun abokin aiki yana goge ta. Abin da kake nema shi ne takardar da aka rubuta a lokacin, wadda ta haɗa abu huɗu wuri guda: sunansa da lambarsa, ranar, wurin, da cewa a artabu ne abin ya faru.

Mabuɗin duka shi ne rana. Rajistar asibiti da ta bataliya bisa kwanan wata ake cika su, ba wanda zai zauna ya buɗe maka littafin shekara guda shafi-shafi. Dattawanmu kuwa ba da kwanan Bature suke riƙe abu ba. Kada ka matsa masa da "wane wata ne?" Zauna da shi bayan la'asar ka tambaye shi: ana azumi ne ko an sha ruwa? Damina ce ko hunturu? Kafin Babbar Sallah ko bayanta? An haifi wane a lokacin? Daga nan ka buɗe manhajar da ke juya kwanan Hijira zuwa na Miladiyya ka matse abin zuwa mako ɗaya ko biyu. Tarihi ma yana taimakawa wajen kafa iyaka. Yaƙin basasa daga Yuli 1967 ne zuwa 15 ga Janairu 1970. Dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma sun shiga Laberiya a 1990, na Saliyo kuma ya yi zafi daga 1997. A Arewa maso Gabas, aikin yaƙi da Boko Haram ya samu sunan Lafiya Dole a 2015, aka mayar da shi Haɗin Kai a 2021. Sunan aikin da tsoho ya ambata kaɗai yana iya gaya maka tsakanin waɗanne shekaru za ka nema. Juya bayan hotuna, sau da yawa akwai kwanan wata da biro. Ga matasan da aka sallama kwanan nan, saƙon da aka turo wa matarsa ko mahaifiyarsa ranar da abin ya faru yana nan a tsohuwar waya.

In an samu ranar, sai a bi sawun jinya. Ba a ɗaukar soja daga daji kai tsaye a kai shi babban asibiti ba tare da ya bar suna a hanya ba. Akwai likitan bataliya, akwai asibitin runduna kamar na barikin Maimalari a Maiduguri, sannan manyan asibitocin soja irin na 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba ta Legas. A rubuta wa kowanne takardar neman rahoton jinya, da lamba da rana, tsohon ya sa hannu da kansa. A tambayi tsohuwar bataliyarsa kuma ko an buga raunin a takardar umarnin da sojoji ke kira Fat Tu Oda, inda ake shigar da ƙarin girma da hutu da kwanciya asibiti. In ya fito a nan, rabin aiki ya ƙare. Ka karanta abin da aka ba ka da kyau kafin ka yi murna: katin da ya ce "rauni a cinya" kawai bai kai wanda ya ce raunin harsashi ne a wurin aiki kaza ba.

Hoton ƙashi yana da amfani, musamman in akwai ɓarɓashin ƙarfe a jiki har yau. Ana iya yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemi likita ya rubuta rahoto a kai. Sai dai ƙari ne a kan takardun wancan lokacin, ba madadinsu ba.

Inda takardu suka ɓace, sai shaidu. Mutum biyu da suke tare da shi a ranar, in da hali ɗaya ya girme shi a muƙami, saje ko samanja ko hafsan da ya jagorance su. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani da bakinsa, da lambarsa ta soja a sama, a rantse a kotu. Kada ka rubuta labari ɗaya ka ba su su sa hannu. Takardu biyu masu kalmomi iri ɗaya sak zargi suke jawowa. Shaidar ɗan'uwa ko mai unguwa ba ta aiki a nan. Kuma a yi wannan da wuri, mazan yaƙin basasa kullum raguwa suke yi.

Takardar koke shafi ɗaya ce. Lamba, muƙami, suna, bataliya, rana da wuri, abin da fayil ya ce, abin da ake so a gyara, sai jerin takardun da aka haɗa. Na san zuciya cike take, amma ba nan ne wurin zuba ɓacin ran shekaru ba. A nemi gyaran fayil shi kaɗai tukuna. Rundunar sojan ƙasa tana da lambar yabo ta waɗanda aka raunata a daga, Purple Heart, suna ɗaya da ta Amurka, akwai kuma batun fanshon naƙasa, amma duka biyun a kan gyararren fayil suke tsayawa. Wanda ya cusa buƙata uku a takarda ɗaya ya ba da ƙofar a ajiye ta gefe.

A kai wa reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Najeriya na jiha su duba su haɗa da tasu takardar, a kuma tambaya a barikin Giginya, tunda hedikwatar Runduna ta 8 a nan Sakkwato take, ta wace hanya za a tura. Duk inda ka miƙa, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce yana da mutum a ciki, kawo kaza, ka wuce shi. Kada kuma a sa hoton raunin a Facebook ana zagi alhali takarda tana hanya.

Sauran bibiya ce, da takardar tuni mai ɗauke da kwanan wata na farkon. In an kira tsohon gaban kwamitin likitocin soja, ya tafi da hoton ƙashi da ɗan rakiya. In ya riga mu gidan gaskiya, magajin da ya rubuta a fayil shi ke sa hannu, da takardar shaidar rasuwa. Ranar da amsar gyara ta fito, a duba lamba da rana harafi-harafi, a yi kwafi, sannan ne za a nufi Dutsen Alhaji.