Ka duba tarihin inbatarka kafin ka kira mai gyara

Salamu alaikum 'yan uwa.

Duk mai inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar gida) a shago ko a gida, ka riƙa buɗe wurin da take adana tarihin matsalolinta, ko a allonta ko a manhajar waya. Sau ɗaya a mako ya isa. Ka kula da lokacin da matsalar ke faruwa.

A shagonmu da ke Agege tamu ta riƙa ɗaukewa, har an ce min batir ne ya mutu, in sayi sabo. Da na zauna da tarihin, sai na ga ƙorafin shi ne lodi (kayan da aka jona) ya yi yawa, kuma kullum wajen ƙarfe 6 na safe. Ashe lokacin ne yaron shago ke kunna famfon tura ruwa, firiza kuma na aiki. Injin famfo idan zai tashi yana jan wuta ninki-ba-ninki fiye da yadda yake ja idan ya daidaita. Muka sauya lokacin famfo, shi ke nan.

Na batir daban yake: gargaɗin ƙarancin caji zai riƙa zuwa da wuri, jiya ƙarfe 3 na dare, bayan mako biyu ƙarfe 1, alhali kayan da ka jona ba su ƙaru ba.

Amma fa idan agogon na'urar ba daidai yake ba, tarihin zai ɓatar da kai. Ka saita shi duk lokacin da aka cire batir. Wasu na'urorin kuma suna goge tsohon bayani idan wuri ya cika, don haka ka ɗauki hoto.

Idan ka ji ƙauri ko wayar wuta ta yi zafi, kashe inbatar, kira mai gyara nan take.