Babi na Shida: Tuƙin Mota Mai Kuloci Biyu

Ɗan'uwa mai karatu, sannu da ƙoƙari. Wannan babin na wanda ya saba da motar giyar hannu ne, wadda direbobi ke kira manuwal, sai ga shi an miƙa masa makullin wata mota, ya leƙa ƙasa ya ga abin takawa biyu kacal maimakon uku. Ka karanta a hankali. Inda ka kakare, ka koma farkon layin, babu mai korarka. Abin da duk na faɗa wa ɗan'uwa, 'yar'uwa ma da ke nake.

Darasi na 1: Kuloci yana nan

Na zauna a gefen masu koyo da yawa, kuma kusan kowannensu magana ɗaya yake yi: "Malam, ai wannan ba ta da kuloci." Tana da shi. Biyu ma gare ta. Abin takawar da ke ƙarƙashin ƙafarka ta hagu kawai aka cire. Su kulocin suna can cikin giyabos, wata 'yar kwamfuta ce ke sarrafa su a madadinka.

Ɗaya yana riƙe da giya ta 1, ta 3, ta 5, da ta 7 idan motar tana da ita. Ɗayan yana riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6. Kana tafiya a giya ta 3, ta 4 ta riga ta shirya tana jira. Da lokacin canji ya yi, wannan ya saki, wancan ya kama, kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa ba ka jin motar ta ɗan ja numfashi kamar yadda manuwal ke yi idan ka canza giya.

Kowane kamfani da sunan da ya ba abin. Volkswagen na ce masa DSG, kuma a Golf R32 ta fara sayar da shi a 2003. Audi na cewa S tronic, Ford na cewa PowerShift, Porsche na cewa PDK, Hyundai da Kia kuma DCT. Ka duba littafin motarka. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, da kai ake wannan babin.

Kada ka haɗa ta da tsohuwar atomatik da mutane suka sani. A waccan, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya lokacin tashi, saboda haka tana jure jan jiki. A wannan kuwa faranti ne ke kama faranti, daidai da manuwal ɗinka. Abin da ke ƙona kuloci a manuwal yana cin na wannan ma.

Darasi na 2: Haruffa huɗu da ƙafa ɗaya

Ka dubi gefen sandar giya. Akwai haruffa huɗu a jere, daga gaba zuwa baya: P, R, N, D.

P na fakin ne, wato mota a ajiye. R ribas ne. N shi ne firi, babu giyar da ta shiga. D tafiya gaba ce.

Ka tsaya a kan P da R, don sun yi kama. Dukansu sanda ce a tsaye da ɗan kai a sama. R yana da ƙarin ƙafa da ta miƙo gefe, P ba shi da ita. Ka ɗauki fensir ka rubuta kowanne sau goma. Na ga wanda ya sa R yana zaton P ne, ya ɗage ƙafa daga birki, motar ta fara baya. Harafin da ka sa yana fitowa a gaban sitiyari, kusa da agogon gudu. Ka dube shi kafin ka motsa, kowane lokaci.

Sai ƙafa. Abin takawa na dama totur ne, na hagu mai faɗi birki ne. Ƙafar dama ce ke taka su duka biyun. Ƙafar hagu ta gama aikinta. Ka ajiye ta a kan matakin da aka yi mata can gefe. A makon farko za ta riƙa tashi da kanta idan za ka tsaya, tana neman kuloci, sai ta faɗa kan birki da ƙarfin da ta saba, motar ta ƙame, na bayanka ya kusa shigar maka. Ba laifinka ba ne, sabo ne. Idan ta ƙi ji, ka lanƙwasa ta ka ja ta kusa da kujera har ta manta.

Kunna mota: sanda tana P, ka taka birki, ka kunna. Ƙafarka tana kan birki za ka ja sanda zuwa D. In ba ka taka birki ba sandar ba za ta bar P ba. Kada ka yi kokawa da ita.

Darasi na 3: Ko ka taka, ko ka saki

Nan ne ake faɗuwa, saboda haka nan za mu daɗe.

Kwamfutar ba ta ganin hanya. Ƙafarka take saurare. Idan ka taka birki sosai, ta san ka tsaya, sai ta raba kuloci da inji, kamar yadda kai kake taka kuloci har ƙasa a manuwal. Idan ka saki birki, ta san za ka tafi, sai ta fara haɗa kuloci. Idan kuwa ka taka rabi-rabi, motar tana jan ciki a hankali, to ka jefa ta cikin ruɗu. Ba ta raba ba, ba ta haɗa ba. Faranti yana goga faranti, zafi yana taruwa.

Ka san sunan wannan a manuwal. Rabin kuloci ne. Wanda ya koya maka tuƙi ya hana ka shi, kuma ka san warin da yake yi. To rabin birki a wannan mota shi ne rabin kuloci. Sake karanta layin nan: rabin birki shi ne rabin kuloci.

Mu gwada. Ka samu fili babu mutane. Sanda tana D, ƙafarka tana danne da birki. Ɗage ƙafar gaba ɗaya. Motar za ta ɗan yi jim, sannan ta fara tafiya da kanta. Wannan jim ɗin ba lalacewa ba ne, kuloci ne ke kamawa. Kada ka gaji da jira ka zabga mata wuta, za ta zabura ta yi tsalle. Ka bari ta motsa tukuna, sannan ka taka totur sannu-sannu. Ka yi tafiyar taku ashirin. Ɗage ƙafa daga totur, taka birki a hankali har motar ta tsaya cak. Da ta tsaya, ka ƙara danna birkin, ka riƙe.

Wannan ƙarin dannawar ita ake mantawa. Mutum ya tsaya, sai ƙafarsa ta yi sanyi a kan birki, motar ta fara motsi, ya sake taɓawa, ta sake motsi. Ka tsaya, ka danna, ka riƙe. Ka maimaita sau goma. Idan sau uku kawai ka samu daidai a ranar farko, madalla, gobe za su zama shida.

Yanzu cunkoso. Motar gabanka ta matsa taku biyu. Zuciyarka za ta ce ka sassauta birki ka bi ta. Kada ka bi. Ka bari sai fili ya buɗe kamar tsawon mota ɗaya ko biyu, sannan ka saki birki gaba ɗaya, ka tafi, ka tsaya, ka danna, ka riƙe. Na bayanka zai yi ta hon. Ƙyale shi. Ranar da kulocinka ya ƙone ba za ka gan shi a gareji ba.

Wasu na tambaya ko su mayar da sanda N a wurin danja. Ba dole ba ne. Idan birki yana danne sosai, kuloci a rabe yake. Sharaɗin dai shi ne a danne sosai.

Zan faɗa muku gaskiya, 'yan'uwa. Wannan darasin ba shi da wuya, amma ana raina shi. Mutum ya gyaɗa min kai ya ce ya gane, mu fita hanya, minti biyar bai cika ba ya koma jan mota da rabin birki. Na yi magana, ya ce ai haka yake yi da tsohuwar atomatik ɗinsa. Wannan ba ita ba ce, na faɗa tun a darasi na 1. Wanda ya tsallake darasi na 1 ya koma ya karanta. Wanda ya karanta ya ƙi aiki da shi kuwa, kada ya zo gobe yana cewa motar ce ba ta da kyau. Ko ka taka, ko ka saki.

Darasi na 4: Hawa

A manuwal wasu na riƙe mota a kan tudu da kuloci da totur. Kuskure ne a can, kuskure ne a nan. Idan ka tsaya a hawa, birki ne zai riƙe ka. Kada ka ɗan taɓa totur don kada motar ta yi baya, wannan shi ne mafi saurin zafafa kuloci. Ka danna birki, ka riƙe.

Idan za ka tashi, ka ɗauke ƙafa daga birki zuwa totur ba tare da ɓata lokaci ba. Yawancin waɗannan motoci suna riƙe birki da kansu na kamar daƙiƙa biyu don su ba ka dama. Idan taka ba ta yi, ka ja birkin hannu, ka ba ta wuta kaɗan, ka sake shi da ka ji ta fara ja.

Darasi na 5: Ribas da fakin

Kada ka sa R motar tana tafiya gaba, kada ka sa D tana tafiya baya. Tsaya cak tukuna. Danna birki. Sannan ka taɓa sanda, ka dubi harafin.

Ajiye mota: birki, birkin hannu, sannan P, sannan ka kashe. P ɗan ƙarfe ne ƙarami da ke maƙale giya. Kada ka ɗora masa nauyin mota shi kaɗai a gangara.

Darasi na 6: Zafi da mai

Idan giyabos ya yi zafi, rubutu ko alama za ta fito a gaban sitiyari, wata motar kuma ta riƙa karkarwa. Ka sauka gefen hanya, ka sa P, ka jira ya huce.

Kulocin iri biyu ne, mai wanka cikin mai da busasshe. Busasshen ya fi saurin zafi a cunkoso. DSG mai giya 6 ta Volkswagen mai wanka cikin mai ce, ana canza mata mai duk kilomita 60,000. Ka tambayi bakanike wane iri ne naka, kuma kada a zuba masa man tsohuwar atomatik.

Darasi na 7: Saura

Idan ka ga + da − a gefen sandar giya ko a jikin sitiyari, alamar + tana ƙara giya, alamar − tana ragewa. Ka yi amfani da − a doguwar gangara. Idan batir ya mutu, turi ba ya tayar da wannan mota. Kafin a ja ta da igiya a duba littafinta, in babu littafin a kira janwe ya ɗauke ta.