Yadda na raba ɗakina da gizo-gizo ba tare da na kashe su ba

Da damina ta kankama a Zariya, gizo-gizo sukan cika kusurwoyin silin da bayan kwaba a gidanmu da ke Tudun Wada. Ba na son kashe su. Tun muna yara muke jin labarin saƙar gizo-gizo a bakin kogon Sauru lokacin Hijira, kuma sauro da ƙudaje suke ci, wato aiki suke mana.

Kofin roba mai haske da yankin kwali nake amfani da su. In kifa kofin a kan gizon yana jikin bango, in zura kwalin a hankali ta ƙarƙashi har ya rufe bakin, sai in kai shi bayan gida gindin darbejiya in sake shi. Zurawar ce ke son natsuwa, don ƙafafunsa takwas sirara ne, gaggawa kan karya su. Idan na ga farin ƙunshin ƙwai a cikin yanar, shi ma da kwalin nake ɗauke shi, in ba haka ba 'ya'yan za su ƙyanƙyashe a ɗaki.

Amma abin da ya hana su dawowa shi ne rage musu abinci. Ƙwan fitilar da ke bakin ƙofa yana tara ƙwari da dare, sai na mayar da shi can jikin katanga. Na ɗinke ragar tagar da ta yage, na cike tsagar bango da siminti. Yanar kuwa, doguwar tsintsiya nake bi da ita duk ranar Asabar.