Kada ka rarraba kuɗi don ɓoye wa banki

'Yan uwana 'yan kasuwar Kejetia da Aboabo, akwai dabarar da wasu ke koya wa juna, wai in kana da kuɗi mai yawa ka kasa shi kanana, yau kaɗan gobe kaɗan, ko ka tura yaran shago su zuba a reshe daban daban don kada banki ya kai rahoto. Wallahi wannan ita ke jawo bala'in.

Rahoton da banki ke aika wa FIC, hukumar Ghana mai sa ido kan shige da ficen kuɗi, kan babban kuɗi ba tuhuma ba ne, aikinsu ne kawai a ƙarƙashin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2020. Amma kwamfutar banki na haɗa duk abin da ya shiga asusunka, in ta ga an yanka shi gunduwa gunduwa sai a rubuta rahoton zargi, kuma doka ta hana ma'aikacin banki ya faɗa maka, sai dai ka wayi gari an rufe asusun ana tambayarka. A Amurka ma, raba kuɗi don kaucewa iyakar dala 10,000, wadda in an wuce ta banki ke kai rahoto, laifi ne da kansa, ko kuɗin halal ne, har ɗaurin shekara 5.

To ga abin yi: kai kuɗinka gaba ɗaya, riƙe Ghana Card ɗinka, ga rasit ɗin kaya ko takardar cinikin shanu a hannu. In sun ce Alhaji daga ina kuɗin, faɗi gaskiya. Kuma don Allah kada ka ari asusun ƙaninka ko MoMo ɗin matarka, su ma za ka jefa su ciki.