Yadda Ake Kafa Allon Nuna Hanya Zuwa Asibitin Unguwa

'Yan kwamitin unguwa daga Jega da Argungu sun yi ta tambayata wannan, to ga shi.

1. Tako da ƙafa daga tashar mota har ƙofar asibitin.
2. Duk mararrabar da baƙo zai tsaya waige-waige, yi mata alama. Nan allo zai zauna.
3. Sanar da mai unguwa, ka nemi izinin ƙaramar hukuma.
4. Rubuta sunan da mutane suka saba kiran wurin, da boko da ajami. Dattawa da yawa ajamin suke karantawa.
5. Sa farin fenti a kan shuɗi ko kore. Ja saurin koɗewa yake a ranar Kebbi.
6. Ba harafi tsayin inci 1 ga kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu.
7. Zana kibiya.

Hattara: nan ake tafka kuskure. Allo mai fuska biyu, kibiyar da ta nuna dama a gaba, hagu za ta nuna a baya. Kada mai fenti ya zana ta a shago. Kai shi wurin.

8. Haƙa rami ƙafa 2, ka zuba kankare, saboda iskar farkon damina.
9. Ɗaga ƙasan allon ƙafa 7, kada ya bugi mai talla.
10. Aiki baƙo ya bi allunan, kada ka ce masa komai.