Yadda za ka shirya tafiya gudun Walt Disney World cikin sauƙin kuɗi

Ana yin gudun fanfalaƙi na Walt Disney World, wani katafaren wurin wasa da shaƙatawa, a kusa da birnin Orlando ta jihar Fulorida, a Amurka, cikin watan Janairu, kuma akan buɗe rajista watanni da yawa kafin lokacin, gurabe su ƙare da wuri. Ka fara warware maganar biza, domin kuɗin rajistar ba a mayar da su. Sannan ka zaɓi tsere ɗaya, na kilomita 10 ko na kilomita 21, maimakon haɗa su duka.

Masauki ne wurin da mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Otal-otal na Kissimmee, wani gari da ke kusa da wurin, sun fi araha, amma ana tashin tsere tun wajen ƙarfe biyar na asuba, ga hanyoyi a rufe, don haka kuɗin tasi kan cinye rarar da ka yi. Otal mafi arha na Disney yana da motocin da ke kai masu tsere kyauta, kuma a ganina shi ya fi, musamman idan kun raba ɗaki ku biyu.

Ka isa aƙalla kwana ɗaya kafin tseren, saboda da kanka za ka karɓi lambar da za ka maƙala a riga lokacin tseren. Rajistar ba ta haɗa da tikitin shiga wuraren wasa bayan tsere ba, saboda haka ka sayi na yini ɗaya kawai.