In za ka bar sojan sama ka koma jirgin fasinja

Dan uwa a nan Saudiyya in ka gaji da kaki kar ka kuskura ka daina zuwa aiki haka kawai, gudun soja sunansa, kotun soja ce za ta kama ka ba ta gari ba. Fara duba takardar da ka sa wa hannu, shekara nawa suka rage maka, sannan ka rubuta neman sallama ta hannun kwamandanka ka ajiye kwafi.

Littafin awannin tashinka kuwa rike shi kamar fasfo, kowane shafi da hatimi, don GACA, hukumar kula da jiragen farar hula ta Saudiyya, sai ta ga awa 1500 kafin babban lasisin tukin jirgin fasinja, ga jarrabawar Turanci mataki na 4, wallahi nan ake jin jiki.